Shan Man Mota: Gyaran Yana Ƙarƙashin Ƙafarka

TAMBAYA

Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Samaru, ina koyarwa a cikin birnin Zariya, kuma kusan duk ƙarshen mako ina zuwa Kaduna gaida mahaifiyata. Motata Toyota Corolla ce ta 2006. Tun da aka janye tallafin mai kuɗin fetur ya fara cin na cefane. Bakanike ya canja filogi, ya wanke nozul, amma ban ga sauƙi ba. Wani abokina ya ce in riƙa sa giya a firi idan na zo gangara, ko ma in kashe injin gaba ɗaya. Shin wannan dabara ce? Ko akwai wata hanya kafin in kai ga jingine motar?

Daga wani malami a Samaru, Zariya

AMSA

Malam, Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri a kan wannan zumunci. Kukanka na mutane da yawa ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Albashi bai bi ta da wannan gudun ba.

Zan fara da shawarar abokinka, domin ita ce mai iya taɓa rai. Don Allah kada ka kashe inji mota tana tafiya. Birki yana samun ƙarfinsa ne daga injin da ke aiki. Idan ka kashe, taku ɗaya ko biyu za ka yi birkin ya sandare kamar ka taka dutse, sitiyari kuma ya yi nauyi. Na taɓa zama a gidan gaba a wata motar haya muna gangarowa daga Hawan Kibo, direban ya murɗe makulli don ya tsira da ɗan mai. A kwana ta biyu na ga ya miƙe daga kujera yana danna birki da dukkan nauyinsa, fasinjoji suna salati. Allah ne Ya kiyaye ya samu ya sake tayar da ita. Man da ya so tserarwa bai kai rabin kofin shayi ba.

Sa giya a firi kuwa dabara ce ta zamanin kafireto, lokacin Fijo 504. Motarka mai injekta ce. Idan kana gangara a cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutar motar tana yanke mai ɗungurungum, tayoyi ne ke juya injin. Da zarar ka sa a firi, dole injin ya koma shan mai don kada ya mutu. Ka ga ka yi asarar mai, ka kuma saki linzamin motar.

Kafin ka canja komai, ka fara da awo. Ka cika tanki, ka rubuta lambar da agogon kilomita ya nuna. Idan ka sake cikawa, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Yawancinmu da naira muke auna mai, mu ce "na dubu goma ya kai ni Laraba", alhali farashi na canjawa. Lita da kilomita ne za su gaya maka gaskiya.

Yanzu ga inda maganar take. Mota tana kwankwaɗar mai ne lokacin da take tashi daga tsaye zuwa gudu. Duk sanda ka taka birki, gudun da ka saya da fetur ne kake zubarwa, ya zama zafi a jikin birki. Ka tsaya gefen titin Samaru wata safiya ka kalli direbobi tsakanin tudun rage gudu da na gaba: mutum ya tsallake ɗaya, ya danna totur har inji ya yi kuka, mita ɗari a gaba ya dawo ya danna birki. Ya biya kuɗin gudun da bai mora ba. Wanda ya bar motar ta tafi a hankali, ya ɗaga ƙafa tun daga nesa, tare suke isa Kwangila. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa irin wannan tuƙin na fizga da birki yana cin kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na nisan da mai zai kai mota a cunkoson gari. Babu filogin da zai dawo maka da wannan.

Saboda haka ka horar da idonka ya riƙa hangen nesa. Ka kalli mota ta uku ko ta huɗu a gabanka, ba wadda ka dafa wa baya kaɗai ba. Ka bar tazara, ta yadda idan mai Keke ya tsaya ɗaukar fasinja, ɗaga ƙafa ya ishe ka. Idan giyar hannu ce, ka canja da wuri, allurar juyin inji tana wajen 2,000 zuwa 2,500. Idan otomatik ce, taku mai taushi shi ke sa ta canja da kanta da wuri.

Sai hanyar Kaduna. Iska tana tura mota baya, kuma turjiyarta tana ninkuwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: a gudun kilomita 120 cikin awa, ta kusa ninka ta gudun 90. Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne. A 120 minti 40 ne, a 90 kuwa minti 53. Minti 13 ke nan kake saye da tsada, kuma cunkoson Mararrabar Jos ko na Kawo yakan ƙwace su. Dokar hanya ma ta tsayar wa ƙaramar mota 100 ne a babban titi mai hannu biyu.

Akwai wata al'ada da nake so ka bari tun gobe: tayar da mota da safe a bar ta tana sulo, yara suna neman takalmi. Injin injekta ba ya buƙatar ɗumin minti goma. Rabin minti ya isa, sai ka tashi a hankali, a tafe ya fi saurin ɗaukar zafi. Mota a tsaye tana iya shan lita ɗaya zuwa kusan biyu a awa. Idan jiran ya wuce minti ɗaya, a ƙofar makaranta ko layin gidan mai, ka kashe.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Ka sa mai faci ya auna iskar taya duk wata, da safe kafin tayar ta yi zafi, bisa lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba da bugun ƙarfe ba. Ka sauke tarkacen da ke but, kowane kilo 45 yana ƙara shan mai da kusan kashi ɗaya cikin 100. Esi yana sha sosai a zafin Afrilu, don haka a cikin gari ka fara sauke gilashi zafin ya fita, a babban titi kuma ka rufe. Ka kuma tambayi bakaniken ko an taɓa cire wa motar tamostat, wato abin da ke daidaita zafin ruwan inji. Ana yawan cire shi a garejinmu, injin ya kasa kai zafin da ya kamata, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai. In babu, a mayar.

Malam, kada ka jingine motar tukuna. Ka yi awon nan a tanki biyu, ɗaya da tuƙinka na da, ɗaya da wannan, sannan ka rubuto mana lambobin. A gaida Hajiya.