Rubutun Kakanninmu a Cikin Waya

 

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu masu daraja, kowa ya san yadda data ke ƙarewa a hannunmu. Mutum ya sa ta sidi biyar bayan Azahar, kafin Isha'i TikTok ya lashe ta, in ka tambaye shi me ya gani ba zai tuna ba. Mu ma ba mu fita a ciki ba. To bana sai malaminmu na tarihi ya ba ajinmu aiki: mu nemo abin da mutanen ƙasar nan suka rubuta kafin a haifi kakanninmu. Mun ɗauka sai an je Legon ko Tamale. Ashe da yawa yana cikin wayar da ke aljihunmu.

Abin da ya fi kama hankalinmu littafi ne mai suna Hausa Folk-Lore, juzu'i biyu, wanda aka buga a Oxford a 1913. Sunan da ke bango na Bature ne, R. S. Rattray, amma wanda ya zauna ya rubuta shi da alƙalami Malam Shaihu ne, a nan ƙasar tamu lokacin ana kiranta Gold Coast. Akwai tatsuniyoyi a ciki, da karin magana, da bayanin al'adu da sana'o'i. Yana shafin Internet Archive kyauta. Daɗin abin shi ne an buga rubutun hannun Malam Shaihu na ajami yadda yake, an kuma kawo karatunsa da boko, don haka in ka kakare sai ka duba.

Kuma mun kakare ɗin, wallahi. Mu da muke taƙama da Nahawu, layin farko ya kayar da mu. Dalili kuwa rubutun irin na Magariba ne, wanda ake rubuta Alƙur'anin Warshu da shi a allo. Fa'un ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Masar ko na Madina, da ya ga ƙaf sai ya karanta fa. Bayan wannan, Hausa tana da sautukan da Larabci ba shi da su, sai malamai suka ari haruffa: gainun ya tsaya wa "ga", harafin sa mai ɗigo uku ya tsaya wa "ca", ɗa-hannu ya ɗauki "ɗa", in kuma an ɗora masa ɗigo uku ya koma "tsa". Wasalin "e" ɗigo ne mai kauri a ƙarƙashin harafi, irin na imala. Wani yaro ɗan Bawku da ya yi makarantar allo kafin ya zo nan, wanda kullum ake masa dariya a darasin Ingilishi, shi ya zama malaminmu a makon nan. Kwana uku muka yi kafin idonmu ya saba.

Daga nan muka bi sawun Alhaji Umaru na Kete-Krachi. An haife shi a Kano a 1858, ya biyo hanyar fataken goro ya zauna a Salaga, lokacin tana babbar kasuwar da ayarin Hausa ke sauka. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, shi ma daga baya ya koma Kete-Krachi, ya zama limami, ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa: kan yaƙin Salaga, kan zuwan Nasara, kan talauci da wadata, har da annobar mura ta 1918. 'Yan Salaga na ajinmu sun sha jin sunansa a bakin tsofaffi, amma ba su taɓa sanin masana a Turai da Amurka sun yi rubuce-rubuce a kansa ba. Ku nema da sunaye daban-daban, domin wasu suna rubuta Imam Imoru, wasu Umar Krachi. Kwafen rubuce-rubucensa suna cikin tarin da Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana ta haɗa a shekarun 1960.

Jami'ar Boston ta Amurka ma tana da rumbun ajami a intanet, African Ajami Library, wanda Farfesa Fallou Ngom ɗan Senegal ya jagoranta. Akwai Hausa, da Wolof, da Mandinka, akwai kuma rubuce-rubucen Dagbanli daga nan arewa. 'Yan Yendi sun yi ta murna da suka ga harshensu da haruffan Larabci. Laburaren Birtaniya kuwa, a shirinsa na Endangered Archives Programme, ya ɗauki hoton tsofaffin takardun gwamnati da ke ajiye a Tamale. Galibinsu Ingilishi ne, kuma jami'an mulkin mallaka suka rubuta, da idonsu da son zuciyarsu. Malam ya ja mana kunne: kada wani ya ɗauko takarda ɗaya ya tafi da ita majalisa yana gardamar sarauta ko ƙasa. Mu da muke da 'yan'uwa a Bawku da Yendi mun san abin da irin wannan gardamar ke jawowa.

Akwai abin da ya sosa mana rai. Wata 'yar ajinmu da ta je hutu ta roƙi a buɗe akwatin kakanta, wanda ya fi shekara ashirin a ƙarƙashin gado. Gara ta cinye kusan rabi. Abin da ya saura, wasiƙu ne da wata waƙar wa'azi da ajami, kuma a gidan kaf babu mai iya karantawa sai ita. Ta ɗauki hotonsu shafi-shafi da waya, a hasken rana, ba tare da ta raba takardun da suka manne ba.

Shi ya sa muke roƙon iyayenmu: duk mai irin wannan akwati a gida ya sanar da hukumar makaranta. Ba za mu fita da ko takarda ɗaya daga gidanku ba. Za mu zo mu biyu tare da malami, mu ɗauki hoto a gabanku, mu rubuta sunan mai littafin da garinsa, mu bar muku kwafi. Za mu fara da unguwannin da ke kusa da makaranta bayan Sallar Layya, in Allah ya kai mu.