Idon da Ba Ya Bin Mutane Bayan Zubar Jini a Ƙwaƙwalwa

Jijiyar jini takan fashe a cikin kai, jini ya malala a ƙwaƙwalwa ko a kewayenta. Hawan jini na kan gaba cikin abubuwan da ke jawo haka. Mutum na zaune lafiya lau, sai ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba ya sare shi, ya yi amai, ko ya faɗi sumamme. Wannan ba ya jiran gobe. Asibiti za a nufa nan take.

A can likita zai auna hayyacin mara lafiya. Akwai ma'aunin da likitoci biyu, Teasdale da Jennett, suka fito da shi a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya a 1974. Abu uku ake dubawa: buɗe ido, magana, da motsin jiki. Maki yana farawa daga 3, ya tsaya a 15. Likita yakan kuma gitta yatsa ko madubi a gaban fuska, ya ga ko ido zai bi.

To, a nan ake iya yin kuskure, domin ciwon yakan taɓa idon kansa. Wani lokaci jini kan taru har cikin ƙwayar ido, ya rufe gani. Wani likitan ido na Faransa, Albert Terson, ya yi bayanin wannan a 1900, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Daga waje ido garau yake, sai an leƙa cikinsa da na'ura ake ganin jinin. Wani mara lafiya kuma fatar idonsa ce ke saki, ya kasa ɗaga ta. Wani rabin ganinsa ne ke tafiya, ya ga na dama, bai ga na hagu ba.

Mai irin wannan hali yana iya jin duk abin da ake faɗa, alhali 'yan uwa na bakin gado suna cewa, "Ai bai san wanda ke kansa ba." Abin tausayi ne ƙwarai. Sau da yawa jinin cikin ido yakan washe da kansa, in ya ƙi kuma ana cire shi da tiyata.

Mai jinya yana da rawar takawa. Gaya wa likita in mara lafiya dama yana da yanar ido, ko yana sa tabarau, ko ido ɗaya ya daɗe da mutuwa. Roƙi a kira likitan ido ya duba shi. In za ka yi masa magana, matso kusa, ka faɗi ko kai wane ne: "Baba, ni ne autanka. In kana ji na, matse hannuna." In ya matse, ka ce, "To, saki." Sakin ya fi muhimmanci, don hannu yakan damƙe abu da kansa ko mutum ba ya hayyacinsa. Ka gwada ta dama, ka zagaya ka gwada ta hagu. Abin da ka gani, da lokacin da ka gan shi, ka sanar da nas ko likita.