Abin Da Matuƙi Ke Tambaya Kafin Ya Sauka A Kaduna

Duk lokacin da aka taso da maganar gyaran filin jirgin sama a jihohinmu, abin da jama'a ke ɗokin gani shi ne gini: zauren fasinjoji mai gilasai, na'urar sanyaya ɗaki, kujeru masu sheƙi, da masaukin manyan baƙi. Mu da aikinmu yake cikin shinge, a gefen titin da jirgi ke sauka, mun san cewa kamfanin jirgi ba da waɗannan yake fara lissafi ba. Tambayoyinsa su ne: fitilun titi suna kamawa? Na'urar da ke jagorantar jirgi zuwa ƙasa tana aiki, kuma yaushe aka gwada ta? Motocin kashe gobara nawa ne ke tashi yau? Akwai man jirgi mai tsabta? An killace filin? Ra'ayina shi ne, filin da ke yi wa babban birnin jiha hidima a auna shi da amsar waɗannan tambayoyi, kuma kuɗin gyara su fara zuwa nan. Filin Kaduna, da ke ƙaramar hukumar Igabi, ya isa hujja.

A ranar 8 ga Maris 2017 aka rufe filin Nnamdi Azikiwe na Abuja na mako shida don a sake shimfiɗa titinsa, aka karkato jirage zuwa Kaduna. Kafin ranar an yi ta aiki ba dare ba rana: aka kammala zauren fasinjoji, aka gyara fitilu da na'urori, aka ƙaro ma'aikata. Titin Kaduna mai tsawon mita 3,000 ya ɗauki nauyin, jiragen cikin gida suka yi ta sauka da tashi har aka buɗe Abuja a watan Afrilu. Amma British Airways da Lufthansa da Air France sun ƙi zuwa, Ethiopian Airlines ce ta amsa. Daga cikin dalilansu akwai tsaron hanyar mota zuwa Abuja, akwai kuma hidimomin da jirgi da ma'aikatansa ke buƙata a ƙasa. Makonnin nan sun nuna cewa filin yana iya aikin babban birni idan aka ba shi kayan aiki. Sun kuma nuna cewa amincewar kamfanoni ba ta samuwa da gyaran gaggawa, sai da kulawar shekara da shekaru.

Babban abin da ke gwada filayen Arewa shi ne hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iska kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta rufe sararin samaniya har mutum ya kasa hango abin da ke 'yan ɗaruruwan mita a gabansa. Matuƙi ba da ƙarfin hali yake sauka ba, da ƙa'ida yake sauka. Na'urar ILS tana aika masa sigina biyu, ɗaya na nuna masa tsakiyar titi, ɗaya na nuna masa gangaren da zai bi. A matakinta na farko, zai iya saukowa har ƙafa 200 daga ƙasa, muddin ana iya gani a kan titi na aƙalla mita 550. Idan ya kai nan bai hango titi ko fitilunsa ba, wajibi ne ya sake tashi sama. A mataki na biyu iyakar tana sauka zuwa ƙafa 100 da mita 300. Inda babu na'urar, ko akwai ta amma ba a yi mata gwajin da jirgi na musamman ke yi lokaci-lokaci ba, sai a buƙaci gani mai nisa ƙwarai, kuma a ranar hazo ba za a samu ba. Don haka fasinjan da aka soke jirginsa a watan Janairu, yana faɗa da yarinyar da ke bayan kanta, ya kai ƙararsa inda ba a iya share masa hawaye. Abin da zai taimake shi yana hannun hukumar NAMA mai kula da na'urorin, da NiMet mai auna yanayi, da FAAN mai kula da fitilu da titi.

Fitilun kuwa sai da wuta, wutar kuma sai mai tabbas. Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce, a titin mataki na farko, idan wutar gari ta ɗauke janareta ya karɓa cikin daƙiƙa 15. Wanda ke ganin wannan tsanani ne ya tuna 10 ga Disamba 2005, ranar da jirgin Sosoliso ya faɗi a Fatakwal cikin hadari da iska, mutum 108 suka rasu, da yawansu 'yan makaranta masu komawa gida hutu. Rahoton bincike ya ambaci cewa fitilun titi ba sa kunne a lokacin. Haka batun 'yan kwana-kwana yake. An kasa filaye mataki 1 zuwa 10 gwargwadon tsawo da faɗin jirgin da ke sauka. Boeing 737-800 yana buƙatar mataki na 7, wato aƙalla mota biyu. Manyan jiragen da ke jigilar maniyyata suna buƙatar na 8 ko na 9, wato mota uku, da ruwa da kumfa gwargwado, kuma su isa kowane sashe na titi cikin minti uku. Mota ɗaya ta lalace, matakin filin ya sauka, dole a fitar da sanarwa ga matuƙa, babban jirgi ya nemi wani wuri. Sau da yawa abin da ke tsayar da irin wannan mota bai wuce taya ko famfo ba.

Za a ce mini ai fasinja ma ɗan'adam ne, yana da haƙƙin bayan gida mai tsabta, da masallaci, da inuwa, da keken tura mara lafiya. Gaskiya ne, kuma abin kunya ne tsohuwa mai niyyar Hajji ta kwana a tsakar fili. Amma waɗannan ba su ne ke cinye kasafi ba. Abin da ke cinye shi shi ne ginin alfarma, wanda ya zama kamar a ƙawata zaure a bar gida ba rijiya. Za a kuma ce filin da jirgi biyu ko uku ke sauka a yini bai cancanci na'urori masu tsada ba. Wannan lissafi ya juya sanadi da sakamako. Kamfani ba ya sa jirgin safe da na dare a inda babu tabbacin fitila, ɗan kasuwa kuma ba ya sayen tikitin da bai tabbata zai tashi ba, sai ya hau mota ko jirgin ƙasa daga tashar Rigasa. Ban da haka, a mafi yawan lokuta jirgin da ya nufi Abuja ko Kano dole ya rubuta filin da zai karkata idan yanayi ya ɓaci, kuma ya ɗauki man da zai kai shi can. Kaduna, da ke tsakanin biyun, tana yi wa jiragen da ba su taɓa sauka cikinta ba hidima.

Akwai masu cewa filin na tarayya ne, jiha da talakawa ba su da hannu a ciki. Shinge kaɗai ya rushe wannan magana. A Yulin 2005 jirgin Air France ya afka wa garken shanu a kan titin Fatakwal. A Maris 2022 'yan bindiga suka kutso ta gefen filin Kaduna suka kashe mai gadin na'urorin NAMA, wasu kamfanoni suka dakatar da zuwa na tsawon lokaci. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da fili su ne ke fara ganin inda aka yanke waya, da hanyar da masu babur suka buɗe don taƙaita tafiya. Gwamnatin jiha kuma ita ke ba da fili da izinin gini. Ita ke yanke inda za a zuba shara da inda za a kafa mayanka, waɗanda ke tara ungulu da shirwa, kuma tsuntsu ɗaya na iya kashe injin jirgi lokacin tashi. Shi ya sa ICAO ke so a sa ido kan irin waɗannan wurare har nisan kilomita 13 daga fili. Doguwar eriya ko bene a kan hanyar saukowa yana tilasta a ɗaga iyakar da matuƙi zai iya kaiwa, ya rage amfanin na'urar da aka kashe wa kuɗi. Takardar izinin wannan gini a ofishin tsara birane na jiha ake sa mata hannu, kuma a nan ya kamata a nemi ra'ayin hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama kafin a zuba harsashi.