Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zan Ba Aikin Kabad ɗin Kicin?

Wata mai sauraronmu daga Kano ta ce ta gama gini, tana son a haɗa mata kabad ɗin kicin mai inganci ba tare da an tsuga mata kuɗi ba.

To Hajiya, kada hoton waya ya ruɗe ki. Ki ce wa kafintan ya kai ki gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ki buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke. A nan asiri ke tonuwa. Katakon MDF yana da araha da kyan fenti, amma da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruɓe. Can ƙasan, falankin da ba ya jin ruwa ya dace, mai kaurin milimita 18. Idan katakon icce ne, ya zama busasshe, don ɗanye yana tsagewa da hunturu, kuma a yi masa maganin gara.

Ki ja durowa ki ji ko tana tafiya sumul. Kafintan ne zai zo ya yi awo da kansa. Ki nemi farashin mutum uku a rubuce, ki ba da kafin alƙalami, cikon kuɗin kuma sai an kafa komai kin gani da idonki.