Amsar Tambaya: In bar ginin tukwane saboda kwamfuta?

Tambaya: Ina son ginin tukwane, amma ƙawayena sun ce yanzu zanen kwamfuta ne ke kawo kuɗi. In daina?

Amsa: 'Yata, kada ki daina. Ɗauko takardar naira 20 ki juya bayanta, za ki ga Ladi Kwali tana gina tukunya. Da hannu ta ƙware tun kafin ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, har sana'ar ta kai ta Ingila da Amurka. Kwamfuta ba za ta koya miki laushin yumɓu a tafin hannu ba, balle amon gasasshiyar tukunya in kin ƙwanƙwasa ta. Wayarki kuwa ki mai da ita rumfar kasuwa. Ki ɗauki hoton kayanki da hasken safe, ki tallata su. Ki riƙe yumɓunki, Allah ya sa albarka.