Darasin Juma'a: Sunan da Ke Kan Fom Ba Shi Ne Magaji Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Yawancinmu a wannan masallaci baƙi ne a Jimeta. Wani daga Kano, wani Katsina, wani Sakkwato, wani kuma aikin soja ne ya kawo shi Barikin Gibson Jalo a ƙarƙashin Birged ta 23. Dukiyar baƙo kuwa a warwatse take: gona a gida, fili a Jambutu ko Damare, shago a babbar kasuwar Jimeta, kuɗi a banki da cikin waya. Matar da ke nan ba ta san abin da ke can ba, 'yan'uwan da ke can ba su san abin da ke nan ba. Ranar da ta Allah ta kasance, daga nan rigima ke tashi, marayu kuma su ne ke kwana a ciki.

Babban kuskuren da ya yaɗu shi ne batun nes of kin, wato sunan da ma'aikaci ko soja ke rubutawa a fom lokacin ɗaukar aiki ko buɗe asusun banki. Mutane da yawa sun ɗauka duk wanda sunansa ke wurin, dukiya ta zama tasa. Ba haka ba ne. Wannan mutum shi ne za a fara nema in wani abu ya faru, kuma in an damƙa masa kuɗin mamaci, amana ya karɓa. Magada kuwa Allah ne Ya ambace su da rabonsu a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, babu fom ɗin da ke soke wannan.

Ga misali. Soja ya rasu a bakin daga, ya bar mata ɗaya, mahaifiya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, mahaifinsa ya riga shi rasuwa. Sunan ƙanensa ne a fom tun yana saurayi, bai canza ba. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, a ce naira 2,400,000 ta rage. Matar tana da sumuni, 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 ta 'ya'ya ce, namiji ya ɗauki rabon mata biyu: kowane ɗa 680,000, 'yar kuma 340,000. Ƙanen fa? Ko sisi ba shi da shi, domin ɗa namiji ya katange shi. In ya riƙe kuɗin, dukiyar marayu ya ci, kuma aya ta 10 a wannan sura ta yi gargaɗin wuta a kan haka.

Albashin da mamaci ke bi, da ajiyarsa, da haƙƙin aikin da ya riga ya tara, duk gado ne. Tallafin da hukuma ke bayarwa bayan rasuwa kuwa, a kai takardunsa ga malami ya duba sharaɗin da aka bayar da shi kafin a taɓa.

To, ya ake karɓo kuɗin? Banki ba ya sakin kuɗin mamaci don kawai an zo da katinsa ko an san lambar sirrinsa, kuma cirewa ta ATM a ɓoye kafin rabo zalunci ne. Akan nemi takardar shaidar mutuwa, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci wadda sashen gado na Babbar Kotun Jiha ke bayarwa. Ga ma'aikatan da ke tsarin fansho na asusun ajiya, dokar fansho ta 2014 ta ce sai da wannan takarda ko wasiyyar da kotu ta tabbatar za a saki kuɗin, ta kuma wajabta wa ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Sojoji ba sa cikin wannan tsari, nasu yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja, kuma ta rundunar da mamaci ya yi aiki ake fara bin takardu. Rabon kansa, in an kasa daidaitawa a gaban malamai, kotun yanki ce ke yi, ɗaukaka ƙara kuma tana kaiwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha.

Abin da ke hannunmu tun muna da rai shi ne rubutu. Hadisin Ibn Umar ya nuna bai dace musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Don haka ɗauki littafi ka rubuta wanda kake bi da wanda ke bin ka, har ragowar sadaki da zubin adashi. Rubuta kowane fili da inda takardarsa take, kowane banki, har asusun OPay ko Moniepoint, da kayan da ke shagonka waɗanda na wani ne. Ka ambaci amintaccen da zai kula da ƙananan 'ya'yanka. Shaidu biyu adilai su sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna nan, ɗaya ya tafi gida.

A kiyaye iyakoki uku. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Sannan a mazhabar Malikiyya, kyautar da ba a karɓa a hannu ba har mai ita ya rasu, ta koma gado. Saboda haka in ka ba matarka gida ko ɗanka shago, ka miƙa shi yanzu, a gaban shaidu, da takarda. "Ai ya ce ya ba ni" ba ta tsayawa a gaban alƙali.

Mun ga abin da ya faru a 2014, lokacin da Mubi da Michika da Madagali suka faɗa hannun Boko Haram, jama'a suka kwararo Yola ba takarda ba komai. Mutuwa ba ta sallama, kuma rubuta wasiyya ba ya jawo ta. 'Yan'uwanmu sojoji da ma'aikata, wanda ya yi aure ko ya samu ƙaruwa ya je ofis a wannan mako ya gyara fom ɗinsa, ya kuma faɗa wa wanda ya rubuta cewa amana ce zai riƙe. Mai buƙatar taimako wajen rubutu ya same mu a ofishin masallaci bayan sallar La'asar.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare dakarunmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Sakataren Masallaci