Gashin Rage Raɗaɗin Ciwon Daji: Abin da Ya Kamata Mai Jinyar Iyaye Ya Sani

Idan ciwon daji ya kama uba ko uwa, sau da yawa nauyin jinya kan 'ya'ya yake faɗawa, har da waɗanda ke makarantar sakandare. Daga cikin magungunan da likita kan rubuta akwai wanda jama'a ke kira gashi. Wannan darasi zai bayyana yadda gashin ke aiki, da kuma abin da ke kan mai jinya.

Mene ne gashi?

Duk da sunansa, babu wuta a cikinsa, kuma majinyaci ba ya jin zafi sa'ad da ake yi masa. Wani haske ne mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Wilhelm Rontgen ne ya gano irin wannan haske a Jamus cikin 1895, sannan a 1951 aka fara amfani da na'urar kobal-60 a Kanada. Hasken yana ratsa jiki ya lalata sinadarin gado na DNA da ke cikin ƙwayoyin halitta. Lafiyayyun ƙwayoyi sukan gyara kansu, amma na ciwon daji ba su da ƙarfin gyara kamar haka, sai su mutu sannu a hankali, ƙarin ya motse. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin wuraren da aka kafa sashen gashi a Nijeriya. A Nijar kuwa, an buɗe cibiyar farko a Yamai cikin 2021.

Manufa iri biyu

Akwai gashin da ake yi don warkarwa, akwai kuma na rage wahala idan ciwon ya riga ya yaɗu. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira gire. Na warkarwa yakan kai gire 60 zuwa 70 cikin mako shida ko bakwai. Na rage raɗaɗin ƙashi kuwa yakan zama gire 8 a zama ɗaya, ko 20 a zama biyar, ko 30 a zama goma. Ƙarancin zaman ba alamar an yi wa majinyaci ƙwauro ba ce, domin bincike ya nuna zama ɗaya na iya rage ciwon ƙashi kamar yadda zama goma ke yi. Kimanin mutum shida cikin goma sukan sami sauƙi. Haka nan gashin kan tsayar da zubar jini, ya kuma sassauta ƙarin da ya danne maƙogwaro ko hanyar numfashi. Ya kamata iyali su tambayi likita tun farko wace manufa ake nufi, don kada su sa rai ga abin da ba a yi alkawarinsa ba.

Aikin mai jinya

Na farko, sauƙi ba ya zuwa nan take. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa huɗu. Wasu ma ciwon kan ƙaru na 'yan kwanaki kafin ya lafa. Saboda haka kada a daina maganin rage ciwo, ko da mofin ne, sai da iznin likita, kuma a riƙa ba da shi kan lokaci ba tare da an jira ciwo ya taso ba.

Na biyu, a kula da fatar wurin da aka haska. A wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da dirza, ban da shafa man zafi ko wani haɗin gargajiya. Kada a goge alamun da ma'aikata suka zana, domin da su ake saita na'ura.

Na uku, kasala aba ce da aka saba gani. A bar majinyaci ya huta, a ba shi abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kamar kunun gyaɗa, ƙwai da faten wake, tare da isasshen ruwa.

Na huɗu, wanda aka yi wa gashi daga na'urar da ke wajen jiki ba ya ɗauke da hasken bayan ya sauko. Babu dalilin ware masa kwano ko hana jikoki hawa cinyarsa.

Alamar haɗari

Idan ciwon baya ya tsananta, ƙafafu suka yi rauni ko suka dinga mutuwa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa, mai yiwuwa ƙari ne ya danne laka. A garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri na iya jawo shanyewar ƙafafu har abada.

Kammalawa

Ɗalibin da ke jinya ya rubuta lokutan magani da yadda ciwon ke sauyawa a littafi, ya kai wa likita. Ya kuma sanar da malaminsa halin da yake ciki, ya nemi 'yan'uwa su riƙa karɓarsa, domin jinya ba aikin mutum ɗaya ba ne.